Yadda ake tsara yawon buɗe ido a tashoshi idan iyali za su yi balaguro a jirgin ruwa

Babban jirgin ruwa na shaƙatawa yakan isa tasha da sassafe, ya tsaya na wasu sa'o'i da aka ƙayyade tun kafin a sayar da tikiti, sannan ya tashi da yamma zuwa wani gari ko wata ƙasa. A cikin waɗannan sa'o'i ne iyali za su sauka, su kai ga abin da suka zo gani, su ci abinci, su kuma dawo kafin a janye gadar shiga. Wanda ya je gari ya kama otal yana iya ɗage abin da bai samu yi yau ba zuwa gobe, amma fasinjan jirgin ruwa gari zai waye masa ne a wani wuri dabam. Saboda haka duk tsarin da za a yi ya rataya ne a kan abu biyu: lokacin da jirgi zai tashi, da kuma ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikin iyali, ko yaro ne ɗan shekara uku ko kakarsa mai ciwon gwiwa. An jero matakan da ke tafe yadda ya kamata a bi su, tun daga watanni kafin tafiya har zuwa ranar sauka.

Mataki na farko: a lissafa ainihin sa'o'in da ake da su

Jadawalin da kamfanin jirgi ke bayarwa yana nuna lokacin isowa da na tashi a kowace tasha, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar abin da ke tsakaninsu a matsayin lokacin yawo. A ce an rubuta isowa ƙarfe 8:00 na safe, tashi ƙarfe 6:00 na yamma, wato sa'o'i goma a takarda. Da farko ba a barin kowa ya sauka sai hukumomin tashar sun tantance jirgin, wanda kan ci rabin sa'a ko fiye. Daga ɗaya ɓangaren kuma, ana buƙatar kowane fasinja ya kasance cikin jirgi yawanci minti 30 kafin tashi, kuma mai iyali ya kamata ya ƙara wa kansa aƙalla sa'a guda a kan wannan, domin yaro ba ya sanar da lokacin da zai nemi banɗaki ko ya ƙi tafiya.

Bayan haka sai a cire lokacin hanya, kuma a nan ne lissafi ke rushewa, domin sunan garin da ke cikin talla sau da yawa ba shi ne inda jirgi ke tsayawa ba. Jirgin da aka ce zai je birnin Rum yana tsayawa ne a Civitavecchia, kimanin kilomita 80 daga birnin, kuma sai an shiga bas daga gindin jirgi zuwa ƙofar tasha, a ƙarasa tashar jirgin ƙasa, a yi tafiyar sa'a guda ko fiye. Idan aka cire zuwa da dawowa, sa'o'i goman nan za su koma huɗu ko biyar. Mai son ganin Filorens zai sauka a Livorno ya yi kusan sa'a ɗaya da rabi a hanya, mai son Faris, babban birnin Faransa, kuma zai sauka a Le Havre, kusan kilomita 200 daga birnin. Tun watan Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Benis, don haka da yawansu suna tsayawa a Marghera, ko ma Ravenna ko Trieste, waɗanda garuruwa ne masu zaman kansu. Akwai kuma inda abin yake da sauƙi, kamar Piraeus da ke dab da Atina, ko Basalona inda tashar take a bakin birnin.

Sai a duba ko jirgi zai jingina da gaɓa ne, ko kuwa zai kafa anga a cikin ruwa a riƙa kwashe mutane da ƙananan jirage. A irin wannan tasha ta biyu akan raba lamba, a kira mutane rukuni-rukuni, kuma waɗanda suka sayi rangadin kamfanin jirgi su ake fara saukewa. Ƙaramin jirgi na ƙarshe yakan baro gaɓa kusan sa'a guda kafin tashi, idan teku ta yi tsauri kuma ana iya soke sauka gaba ɗaya, sannan mai keken guragu ba kullum ake iya sauke shi ba. Tsibirin Santorini na Girka ya isa misali. Ana ajiye mutane a tsohuwar tasha a gindin dutse, garin Fira kuma yana can ƙololuwa, kuma ba a kai masa sai ta motar da ke hawa a kan igiya, ko ta matakala kusan 600 waɗanda jakuna ma suke bi. Hawa da safe ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce saukowa da la'asar, lokacin da fasinjojin jirage uku ko huɗu suka yi layi a cikin rana a gaban motar igiya guda. Wanda yake da ƙananan yara ya sauko da wuri.

Mataki na biyu: takardu

Wannan mataki gajere ne, amma shi ne kaɗai wanda zai iya hana iyali shiga jirgin tun a ranar farko. Kamfanoni da yawa suna buƙatar fasfo ya kasance da sauran watanni shida bayan ƙarshen tafiya. Biza kuwa ana duba ta ne ƙasa bayan ƙasa bisa fasfon kowane mutum, kuma sau da yawa ba a karɓar uzurin cewa mutum ba zai sauka a wata tasha ba. Idan jirgi zai fita daga ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, misali ya leƙa Turkiyya ya dawo Girka, a nemi bizar da ke ba da damar shiga fiye da sau ɗaya. Yaron da zai yi tafiya da ɗaya daga cikin iyayensa, ko da kakanninsa, ana iya neman takardar amincewar iyayen da ba su zo ba. Galibin kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba, ko mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 a lokacin tafiya. A ƙarshe a sayi inshorar tafiya, a kuma tabbatar ta ƙunshi jinya a ƙasar waje da kuɗin bin jirgi idan ya tashi ya bar mutum.

Mataki na uku: a zauna da iyali a zaɓi abin da za a gani

A tara kowa, har da yaran da suka isa magana, a nuna musu jerin tashoshin, kowa ya faɗi abu guda da idan bai gani ba zai ji tafiyar ba ta cika ba. Daga nan sai a ba kowace tasha babban abu ɗaya tak. Iyalin da suka isa birnin Rum suka ƙuduri ganin tsohon filin wasa na Kolosiyam da gidajen tarihin Batikan da maɓuɓɓugar Trevi duka a cikin sa'o'i huɗu za su ƙare ne da gudu da faɗa, kuma abin da yaran za su tuna shi ne bin bayan iyayensu da gudu. Idan babban abin ya ƙare da wuri, sai a ƙara ƙarami da ke kusa, kamar dandali ko wurin wasan yara ko bakin teku.

A ganina bai dace a jera ranaku masu nauyi fiye da biyu a jere ba. Tafiyar mako guda a Bahar Rum tana iya ƙunsar tashoshi biyar ko shida ba hutu a tsakaninsu, kuma yaron da aka tasa ƙarfe shida na safe kwana uku a jere ba zai amfanu da komai a rana ta huɗu ba. A ware tasha guda da za a fita a makare a zaga kusa da jirgi kawai, ko ma a ƙi sauka, domin ranar da kowa ya fita ita ce ranar da wurin ninƙaya da gidajen abinci na jirgi suke zama wayam.

Sai a daidaita kowace tasha da ranar mako da za a isa can. Gidajen tarihin Batikan a rufe suke ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata, wadda ita kuma cunkosonta ya fi ƙarfin yara. Gidan zane-zane na Uffizi da ke Filorens ba ya buɗewa ranar Litinin, gidan tarihin Louvre a Faris ba ya buɗewa ranar Talata, babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul kuma tana hutu ranar Lahadi. Yanayi ma abin dubawa ne, domin a watan Yulin 2023 hukumomin Girka sun riƙa rufe tsaunin Akurofolis na Atina, mai kufan tsoffin gine-gine, da tsakar rana saboda tsananin zafi, kuma an sake yin hakan a shekarun da suka biyo baya. Tashoshi da dama suna wallafa jerin jiragen da za su iso kowace rana a intanet, kuma yana da amfani a san ko jirginku ne kaɗai ko akwai wasu huɗu.

Babu laifi iyali su rabu gida biyu, uba da manyan yara su tafi kufan wani tsohon birni, uwa da kaka da ƙananan su tsaya kusa, ko akasin haka. Jirage da yawa suna da sashen kula da yara, amma ba kowane kamfani ne ke yarda iyaye su bar yaro a can su sauka ba, don haka a tambaya. Ko an yarda, ni ban ga hikimar duka iyaye su yi nisan kilomita 80 daga jirgin da ɗansu yake ciki ba.

Mataki na huɗu: wa zai kai ku?

Hanyoyi uku ne, kuma ba dole ba ne a bi guda ɗaya a dukkan tashoshi.

Ta farko ita ce rangadin da kamfanin jirgi ke sayarwa. Shi ne yawanci ya fi tsada, kuma akan cika bas da mutum 40 ko 50, a bi jagora mai ɗaga tuta ko lamba, a tsaya inda ya tsaya. Abin da ake saya da wannan ƙarin kuɗi shi ne tabbaci: idan bas ɗin ya makara, jirgi zai jira shi, idan kuma jiran ya gagara, kamfani ne zai ɗauki nauyin kai mutane tasha ta gaba. Haka kuma idan aka soke tashar, ana mayar da kuɗin kai tsaye. Rauninsa ga masu yara shi ne ba a iya cewa a dakata, kuma wasu rangadin suna ɓata kusan sa'a guda a shagon da aka shirya da shi tun farko.

Ta biyu ita ce a yi yarjejeniya da kamfanin yawon buɗe ido na garin, ko jagora mai mota, wanda zai ɗauki iyalin su kaɗai ko tare da wasu 'yan kaɗan. Ga iyali mai mutum biyar ko shida, kuɗin mota guda yakan yi daidai ko ƙasa da na kujeru shida a bas ɗin kamfani, kuma ana iya juyawa a koma jirgi da zarar yaro ya gaji. Sai dai jirgi bai san da wannan yarjejeniya ba, kuma ba zai jira ba. Kafin a biya, a tambayi mai rangadin abubuwa huɗu a rubuce: ko yana da lasisi da inshora, a ina zai tarbe ku, ƙarfe nawa zai dawo da ku, da kuma ko zai mayar da kuɗi idan jirgi bai tsaya a tashar ba. Wanda ya saba da fasinjojin jirgin ruwa shi da kansa zai fara tambayar sunan jirginku da lokacin tashinsa; wanda bai tambaya ba, a yi hattara da shi.

Ta uku ita ce iyali su fita da kansu, da ƙafa ko tasi ko jirgin ƙasa. Wannan ya dace da tashoshin da gari yake kusa. A Napoli, misali, jirgi yana tsayawa a tsakiyar birni, kuma jirgin ƙasa na Circumvesuviana yana kai mutum kufan Pompei, garin da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, cikin kimanin minti 40. Amma jirgin ƙasar yakan cika, titunan kufan kuma na manyan duwatsu ne marasa daidaito, inuwa ba ta da yawa, ta yadda keken tura jariri yake zama kaya. Goyo ya fi shi amfani a can.

Ƙa'idar da nake ba da shawarar a bi mai sauƙi ce. Idan abin da za a gani ya wuce tafiyar sa'a guda daga jirgi, ko tsayuwar gajera ce, ko tashar ta ƙananan jirage ce, ko kuma hanyar ta haɗa da wani jirgin fito, a bi rangadin kamfani. Idan gari yana kusa kuma lokaci yana da yalwa, a fita da kai ko da jagora na musamman, a ajiye kuɗin don tashar da ta fi buƙatarsa.

Mataki na biyar: a karanta bayani sosai, sannan a kama gurbi

Kowane rangadi yana da bayani a ƙarƙashinsa, kuma ƙananan rubutun sun fi hoton muhimmanci. A duba yawan tafiyar ƙafa da matakala, da sa'o'in da za a yi a cikin bas, domin rangadin sa'o'i takwas yana iya zama zaman mota na sa'o'i huɗu. A duba mafi ƙarancin shekaru ko tsawo ko nauyi da aka gindaya, musamman a abubuwan ruwa da hawan doki da lilo a kan igiya. A duba ko kuɗin ya haɗa da shiga wurin da abincin rana. Kujerar mota ta ƙananan yara ba kasafai ake samunta a tasi ko bas ba sai an nema tun da wuri. A kuma rubuta ranar ƙarshe da za a iya fasawa ba tare da asara ba.

Rangadin da ake rububinsu sukan cika makonni kafin tafiya, don haka a kama su da zarar kamfani ya buɗe sayarwa. Masu fita da kansu kuma su sayi tikitin manyan wurare tun daga gida, a shafin hukumar wurin. Akurofolis ya taƙaita masu shiga zuwa 20,000 a rana tun watan Satumban 2023, kowa da lokacin shigarsa, Pompei ma ta sa irin wannan iyaka a watan Nuwamban 2024. Kolosiyam da cocin Sagrada Familia na Basalona su ma da lokaci ake shigarsu. Kada a zaɓi lokacin da ya yi kusa da isowar jirgi. A bar tazarar da za ta ɗauke jinkirin sauka da na hanya, domin tikitin da lokacinsa ya wuce yawanci ya tafi ke nan. Wuraren ibada suna da dokar sutura, kuma da gaske ake yi: a babban cocin Batikan ana mayar da wanda kafaɗarsa ko gwiwarsa take a buɗe, a manyan masallatan Istanbul kuma ana cire takalmi, mata su rufe kai, kuma ana dakatar da masu yawon kallo a lokutan salla.

Mataki na shida: daren jajibere

Kowane dare jirgi yana fitar da takardar shirin gobe, ko a ɗaki ko a manhajar waya. A ɗauki hotonta, domin a cikinta ne ake rubuta lokacin ƙarshe na dawowa, da suna da lambar wayar wakilin kamfanin a wannan tasha, wanda shi ne mutumin da za a kira idan wani abu ya faru a gari. A nan ne kuma ake bayyana ko jirgi zai bi agogon garin ko zai ci gaba da nasa. Wannan batu ya sha jawo wa mutane asara, musamman a yankin Karibiyan, domin wayar hannu tana sauya lokaci da kanta zuwa na garin alhali jirgi yana kan agogonsa. A daidaita agogon hannu da na jirgi, a riƙa duba shi.

A sauke taswirar garin a waya tun ana da intanet, a sa alama a daidai inda jirgi ya tsaya, domin manyan tashoshi suna da ƙofofi da yawa masu nisa da juna. A haɗa jaka guda marar nauyi: katin jirgi na kowa, wanda da shi ake fita da shiga, fasfo ko kwafinsa gwargwadon abin da jirgi ya umarta, ruwa, hula, man kariya daga rana, kayan sauyi na ƙananan yara, katin banki da 'yan kuɗin ƙasar. Mai shan magani kullum ya ɗauki na kwana biyu. A aljihun kowane yaro a sa takarda mai sunan jirgi da lambar wayar iyaye.

Mataki na bakwai: ranar sauka

Da sanyin safiya ake kama fara. A ci abinci sosai a jirgi, kowa ya shiga banɗaki, a kasance cikin rukunin farko na masu sauka, domin sa'o'in safe ne suka fi sanyi da ƙarancin jama'a. Kada a kwaso 'ya'yan itace ko nama daga jirgi. Ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya da Niyu Zilan suna hana shigar da su, kuma suna cin tara. Abincin da ke rufe a ledarsa ta kamfani ya fi sauƙin wucewa, amma shi ma a bi abin da jirgi ya sanar.

Kafin a bar gindin jirgi a ɗauki hoton yaran da tufafin da ke jikinsu a ranar, a kuma nuna musu abin da za su yi idan sun ɓace, wato su tsaya inda suke su nuna takardarsu ga ɗan sanda ko ma'aikacin wurin. Idan za a hau tasi, a tabbatar mita tana aiki ko a gama ciniki kafin a shiga. A fara da wuri mafi nisa, a riƙa dawowa ana kusantar jirgi, ta yadda sayayya da zaman shan iska za su faɗo a ƙarshe, a inda ake hangen jirgi da ido. A sa ƙararrawa a waya ta lokacin da dole a juyo, kuma idan da jirgin ƙasa za a dawo, a ɗauki wanda yake da aƙalla guda biyu a bayansa da za su iya kai ku kan lokaci.

Idan duk da haka aka ga za a makara, a kira wakilin kamfanin tun ana hanya, kada a bari sai an iso. Kyaftin yana iya ɗan jira idan ya san inda mutane suke, amma ba dole ba ne a kansa, domin yana da jadawalin tasha da na matuƙin da zai fitar da shi daga mashiga. Idan jirgi ya tashi, ma'aikatansa sukan buɗe akwatin ajiya na ɗaki su miƙa wa wakilin fasfon da aka bari, shi ya sa yake da kyau fasfon da ba a fita da shi ba ya kasance a cikin wannan akwati. Wakilin zai taimaka wajen neman masauki da hanyar zuwa tasha ta gaba, amma kuɗin a kan fasinja yake, don haka a adana kowane rasit domin miƙa wa kamfanin inshora.